Hayaƙin Da Ba Ta Salansa Yake Fita Ba

Da yawa cikin ƙungiyoyinmu na gama kai sun haɗa kuɗi sun sayi injin niƙa ko injin ban ruwa, suka gina masa ɗaki, suka sa ƙofa da kwado saboda ɓarayi. Wannan daidai ne. Amma ɗakin da ya hana ɓarawo shiga, shi ne kuma yake hana hayaƙi fita. Yaron da yake aikin injin yakan wuni a ciki, mata da yara suna jira da kwanoninsu a bakin ƙofa, da yamma mai aikin ya koma gida da ciwon kai da jajayen idanu. In an yi magana sai shugabanni su ce, ai mun fitar da salansa waje. Gaskiya ne, an fitar. Sai dai inji yana da hanyar hayaƙi ta biyu, ita ce kuwa yawancinmu ba mu kula da ita ba.

Waɗanda suka san wannan matsala sosai su ne masu ƙananan jiragen ruwa masu filafilai a Turai da Amurka, watau jiragen da iska take turawa. Kusan kowane irin jirgin nan yana da ɗan injin dizal na taimako, domin shiga tasha ko lokacin da iska ta kwanta. Kamfanonin da suka yi suna wajen ƙera su sun haɗa da Yanmar na Japan, da Volvo Penta na Suwidin, da Perkins na Ingila. Inda ake girka injin kuwa shi ne ƙarƙashin matakalar da ake sauka zuwa ɗakin jirgi, kusa da wurin dafa abinci da gadon kwana. Katako ne kaɗai tsakaninsu. Don haka in injin ya fitar da wari ko kaɗan, mai jirgi zai ji shi a bargonsa da burodinsa. Wannan ya tilasta musu bin sawun warin, har suka gane cewa sau da yawa salansa lafiyarta ƙalau, daga tumbin inji warin yake fitowa.

Abin da muke kira tumbin inji shi ne ƙasan inji, inda baƙin mai yake kwanciya. A samansa fistan yake hawa da sauka cikin silinda. Duk lokacin da mai ya kama wuta a kan fistan, ƙarfin yakan tura shi ƙasa. Ringin da ke jikin fistan aikinsu ne su tare wannan ƙarfi, amma ba ringin da yake tarewa duka, ko a sabon inji. Kullum akwai ɗan hayaƙi mai zafi da yake sulalewa ta gefe ya faɗa tumbi. A can sai ya gauraya da tururin baƙin mai, da man da bai gama ƙonewa ba, da tururin ruwa. In ba a ba shi hanya ba zai cika tumbin ya nemi hanya da kansa. Shi ya sa masu ƙera inji suke bar masa kafar numfashi. A wani injin tana bisa murfin kai, a wani kuma tana jikin ƙofar tumbi. A tsofaffin injuna da dama bakinta a sake yake, tana hura abin da ke ciki kai tsaye a cikin ɗaki.

Motocin dā ma haka suke. Bututu ne ake saukowa da shi ƙarƙashin mota, iskar gudu ta kwashe hayaƙin. Da hayaƙin motoci ya dami biranen jihar Kalifoniya ta Amurka, sai daga 1961 sababbin motocin da ake sayarwa a can suka fara zuwa da wata dabara: a mayar da numfashin tumbi cikin hanyar iskar inji, ya sake ƙone shi. Ba a yi shekaru da yawa ba dabarar ta game motocin ƙasar, daga baya ta game duniya.

Ita masu jiragen ruwa suka ara. Su ba su da damar huda jikin jirgi ko ta ina su fitar da bututu, gama ramin da hayaƙi zai fita ta ciki, ruwa ma yana iya shigowa ta nan. Sai su ɗaura tiyo a kafar numfashi su kai bakinsa wurin matatar iska, inda inji yake zuƙar iska. A tsakani sukan sa wani ɗan gwangwani mai tace mai, domin baƙin mai ya tsaya a ciki, hayaƙi kaɗai ya wuce. Sababbin injunan jirgi da yawa da wannan shiri suke fitowa daga ma'aikata. Ƙananan injunan fetur irin na Honda da muke sa wa famfon ban ruwa da ƙaramin injin markaɗe su ma haka ne. Ku duba, za ku ga wata 'yar baƙar roba daga murfin kai zuwa akwatin matatar iska. Abin baƙin ciki, in matatar ta lalace yara sukan cire akwatin gaba ɗaya su yar, robar ta tafi tare da shi, injin ya koma shan ƙura yana kuma hura tururin mai a fuskar mai aiki.

To, mu ma mu mayar da numfashin injin niƙanmu cikin matatar iska ke nan? A nan ne muke so a yi hattara, gama akwai haɗari. Injin dizal ba ya bukatar fulogi. Zafin matsa iska ne yake kunna masa wuta, kuma ba ya zaɓen abin da zai ƙone. In ringi sun cinye ƙwarai, ko an cika baƙin mai ya wuce alama, tururin man da yake fitowa yana iya yin yawa har injin ya fara rayuwa a kansa. Sa'an nan sai gudu ya ƙaru, gudun ya ƙara kawo mai, man ya ƙara gudu. Ko an rufe man dizal ba zai tsaya ba, domin ba shi yake sha ba. Haka zai yi ta ihu da farin hayaƙi har baƙin mai ya ƙare ko wani ƙarfe ya fasa jikinsa ya fito. Hanyar tsayar da shi ita ce a toshe masa iska da faffaɗan katako a bakin hanyar iskar. Kada kowa ya sa tafin hannu. Tsumma ma yana iya zuƙe shi.

Yawancin injunan da ke hannun ƙungiyoyinmu ba yara ba ne. Wasu irin Lister ne mai silinda ɗaya da manyan ƙafafu biyu, wanda aka fara ƙerawa a garin Dursley na Ingila wajen 1930, aka daina a 1987, amma har yanzu ana yin irinsa a Indiya. Wasu kuma na Sin ne masu tukunyar ruwa a ka. An saya su na hannu, sun sha aiki. Saboda haka shawararmu ita ce, ga tsohon injin dizal a fitar da numfashinsa waje kawai. Mu ba a kan teku muke ba. Bangonmu na laka ne ko bulo, huda shi ba wuya.

Aikin ba shi da tsada, amma yana da ƙa'ida. A nemi tiyo mai jure mai da zafi. Tiyon ban ruwa na lambu ba zai yi ba, zai yi laushi ya manne. Faɗinsa kada ya gaza faɗin kafar numfashi, in ya fi ma ya fi kyau, kuma kada ya yi tsawo fiye da kima. Kada a bar shi ya lanƙwasa ya yi ciki a tsakiya, gama a nan mai da ruwa za su taru su toshe shi. A sa gwangwani mai murfi a hanya, ƙasa da bakin kafar, da kafofi biyu a samansa, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, a sa soson ƙarfe mai kauri irin na wanke tukunya a ciki. A riƙa juye shi kowane mako. Abin da ya taru a ciki ba a mayar da shi cikin inji, domin da ruwa a ciki, ba a kuma zuba shi kusa da rijiya. Bakin tiyo na waje ya dubi ƙasa, nesa da taga da wurin da mata suke jira. A ɗaura masa 'yar ragar waya, in ba haka ba zanzaro zai yi gini a ciki lokacin da injin yake hutu.

Wasu injuna masu silinda ɗaya suna da ɗan faifai a cikin kafar numfashi, wanda yake barin iska ta fita amma ba ya barinta ta koma. Kada a cire shi. Bayansa ake ɗaura tiyo, in ya zama dole maƙeri ko mai walda ya yi wa murfin baki. Abin da ba za a yi ba ko kusa shi ne a cusa tsumma ko ƙusa a toshe kafar don a huta da wari. Hayaƙin zai tura baƙin mai ta kowace mahaɗa, injin ya yi ta yoyo, wata rana ya bushe ya kama.

Gwangwanin nan yana da wani amfani kuma. Shi ne zai riƙa gaya wa ma'ajin ƙungiya lafiyar inji. Injin mai silinda ɗaya yakan yi ɗan huci ko da lafiyarsa, gama fistan yana tura iskar tumbi duk lokacin da ya sauko. Amma in gwangwanin da yake ɗaukar wata guda kafin ya tara abin kirki ya koma cika cikin mako, ga wuyar tashi da safe, ga shan baƙin mai, to ringi ne suke sallama. A fara tara kuɗin gyara tun kafin kaka ta zo aiki ya yi yawa. Abin da yake cinye ringi kuwa ƙura ce, ta hunturu da ta gari. A riƙa wanke matatar iska, a canja baƙin mai bisa ga littafin inji. Ga injunan dizal da yawa awa 250 ne, ga ƙananan na fetur awa 100, a wurin ƙura kuma a rage. In da hali a yi bango tsakanin inji da maniƙa, bel ya bi ta tsaga. Garin da ya sha tururin mai ba ya ɓoyuwa a tuwo, ƙurar gari da ta manne da mai a bango da rufi kuma abincin gobara ce.

Kada wani ya gama wannan aiki ya ɗauka ɗakin ya zama lafiya ke nan. Numfashin tumbi shi ne mai wari, amma hayaƙin salansa ya fi shi mugunta. A cikinsa akwai iskar guba da ake kira kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, jini kuwa yana kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Injin fetur ya fi na dizal fitar da ita nesa ba kusa ba, shi ya sa janareto a cikin ɗaki yake kashe mutane suna barci. Na dizal ma bai kuɓuta ba: a 2012 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa hayaƙinsa cikin abubuwan da suke kawo ciwon dajin huhu. Don haka a bi bututun salansa daga jikin inji har waje, duk mahaɗar da aka ga baƙin toka a gefenta tana yoyo, a gyara. A buɗe kafar iska ɗaya a ƙasan bango, ɗaya a sama a bangon da yake fuskantarsa, a sa musu rodi saboda ɓarayi. Kada mai gadi ya kwana a ɗakin inji yana aiki. Wanda ya fara jin jiri ko tashin zuciya ko ciwon kai a bakin aiki, a kashe injin, a fito da shi waje nan da nan. In ya ruɗe ko ya suma, a kai shi asibiti, a kuma gaya wa ma'aikatan cewa daga ɗakin inji aka ɗauko shi.