Ciwon Tayirod da Garkuwar Jiki ke Haddasawa: Matsayin Magani da Gyaran Rayuwa

Tayirod wata 'yar halitta ce mai siffar malam-buɗe-littafi da ke gaban wuya, wadda ke amfani da aidin ɗin abinci wajen haɗa sinadaran T4 da T3, masu daidaita bugun zuciya da ɗumin jiki da yadda jiki ke ƙona abinci. Kumburinta ne Hausawa ke kira maƙoƙo, wanda galibi ƙarancin aidin ke kawowa, sai dai akwai nau'in da garkuwar jiki ce da kanta ke juyowa ta yaƙi tayirod kamar wata baƙuwar cuta, kuma ya fi kama mata nesa ba kusa ba.

Wannan yaƙi na cikin gida fuska biyu gare shi. A ciwon Hashimoto, wanda likitan Japan Hakaru Hashimoto ya bayyana a 1912, tayirod na lalacewa sannu a hankali har sinadarinta ya gaza, sai kasala da jin sanyi da taurin bayan gida da zubewar gashi da rikicewar al'ada su biyo baya. A ciwon Graves kuwa, wanda Robert Graves na Ayalan ya siffanta a 1835, garkuwar na zaburar da ita ne ta yi aiki fiye da kima, mara lafiya ya rame alhali yana cin abinci sosai, zuciya na dukan uku-uku, hannu na rawa, wani lokaci idanu su firfito. Ana tantance su da gwajin jini na TSH, wato sinadarin da ƙwaƙwalwa ke aika wa tayirod umarni da shi, da na T4, da na makaman garkuwar da ke kai harin.

Likitancin bin tushen cuta, wanda Jeffrey Bland ya kafa wa cibiya a Amurka a 1991, yana cewa kada a tsaya ga lambar gwaji kawai, a binciki abincin mutum da barcinsa da damuwarsa da lafiyar hanjinsa. Wasu shawarwarinsa suna da madogara: ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini na ƙara kasala, shan taba na tsananta ciwon idon masu Graves, aidin ɗin da ya wuce kima, wato nesa da maikurogiram 150 da baligi ke buƙata a rana, na iya tayar da Hashimoto. Wasu kuwa ba su kai yadda ake zuzuta su ba, domin barin alkama an tabbatar da amfaninsa ne ga masu ciwon siliyak, waɗanda hanjinsu ba ya jure sinadarin gulutin, shi kuma seleniyam, ko da yake yana iya rage makaman garkuwa a jini, ba ya farfaɗo da tayirod ɗin da ta riga ta lalace.

Saboda haka ƙwayar lebotairoksin ce ginshiƙin maganin Hashimoto idan sinadari ya gaza. Ana haɗiye ta da ruwa zalla, ciki wayam, minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo, a bar tazarar awa 4 tsakaninta da maganin ƙarin jini ko na kalsiyam, a sake gwaji bayan mako 6 zuwa 8 duk lokacin da aka sauya adadi. Masu Graves ana ba su kabimazol, ko aidin mai tururin nukiliya, ko a yi tiyata. Macen da ta samu ciki tana kan ɗayan magungunan nan ta gaggauta ganin likita, domin adadi ko nau'in maganin kan buƙaci sauyi.

Gyaran abinci da barci abokin tafiyar magani ne, kuma duk wanda aka ce masa ya ajiye ƙwayarsa don wani haɗi na musamman, ya fara komawa ga likitansa a duba jininsa.