Yadda Matasan Iyaye Mata A Zangunan Kudu Za Su Koma Makaranta

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Enugu, inda dubban 'yan kasuwa daga Arewa ke sana'ar dabbobi da hatsi da kayan gwari, akwai 'yan mata da suka bar karatu saboda aure ko haihuwa kafin su cika shekara 18. Da yawa daga cikin magidanta suna ganin da zarar yarinya ta haihu ƙofar makaranta ta rufe mata. Doka kuwa ba ta ce haka ba.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, a sashe na 15, ta tanadi cewa yarinyar da ta samu juna biyu kafin ta kammala karatu a ba ta damar ci gaba bayan ta haihu. Jihohin Ribas da Anambra da Enugu duk sun amince da irin wannan doka. Har ila yau, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, ba tare da duba jihar da yaro ya fito ba.

Sai dai shirin AGILE, wanda Bankin Duniya ya ba rancen dala miliyan 500 a 2020 domin ilimin 'yan mata, ya soma ne da jihohi 7, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan uku a ciki. Saboda haka mazauna Kudu sai su nemi hanyoyin da ke kusa da su.

Hanya ta farko ita ce azuzuwan yaƙi da jahilci na hukumomin jihohi, waɗanda Hukumar Ilimin Manya ta Ƙasa, da aka kafa a 1990, ke daidaita ayyukansu. Ta biyu, jarrabawar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu, wadda ba ta buƙatar zaman aji. Ta uku, koyon sana'a a ƙarƙashin Hukumar Samar da Aikin Yi ta Ƙasa, NDE, mai ofis a kowace jiha.

Babban cikas shi ne rainon jariri da kuɗin rajista. A nan ne sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa za su iya taimakawa, ta hanyar ba da ɗakin karatu da biyan kuɗin jarrabawa. Matar da ta iya rubutu da lissafi za ta riƙe littafin ciniki, ta buɗe asusun banki, ta ciyar da ɗanta, nauyi kuma ya ragu a kan maigida.