Yadda Garin Bincike Ke Fito da Zanen Yatsan Ɓarawo

Idan aka fasa shago ko ɗakin ajiya a ƙauye, kafin gari ya waye sosai jama'a sun cika wurin, wannan ya taɓa ƙofa, wancan ya ɗaga akwati. Sau da yawa a nan ne shaida mafi ƙarfi take salwanta, wato zanen yatsan da ɓarawo ya bari, wanda ido ba ya gani.

A kan layukan da ke tafin yatsa akwai ƙananan ƙofofi masu fitar da zufa. Mafi yawan zufar ruwa ne, ragowar kuwa gishiri ne da wasu sinadarai da ake kira amino asid. Tafin hannu ba ya yin maiƙo da kansa, sai dai yana kwasowa duk lokacin da mutum ya shafi fuska ko gashi. Wannan danshi da maiƙo su ne ke zama a jikin gilashi ko ƙarfe bisa siffar layukan yatsa.

Jami'in bincike yakan shafa wani gari mai laushi ƙwarai da buroshi, a hankali. Garin sai ya manne a inda maiƙo yake, ya bar sauran wurin fili. Daga nan a ɗauki hoto, sannan a ɗauke zanen da salatif a liƙa shi a kan kati.

Garin kansa yawanci abu biyu ne: mai ba da launi da kuma mai sa mannewa. Baƙin gari daga kunkunniya ko gawayi ake samo shi, kuma wasu tsofaffin haɗe-haɗensa har da ƙaro, abin da ba zai ba almajiri mai dafa tawada mamaki ba. A kan abu mai duhu ana amfani da farin sinadarin titaniyam ko garin alminiyam. Akwai kuma garin ƙarfe da ake ja da maganaɗisu, wanda Herbert MacDonell ya ɓullo da shi a Amurka a farkon shekarun 1960. Tsohon haɗin zaiba da alli kuwa an daina aiki da shi, domin zaiba guba ce.

Takarda tana shanye zufa, saboda haka gari ba ya yi mata amfani sosai. Tun 1954 ake fesa mata sinadarin ninhaidirin, wanda ke mayar da zanen shunayya.

Zafin rana yana busar da zanen, ƙurar hunturu tana rufe shi, hannu ɗaya kuma ya isa ya shafe shi. Don haka ana roƙon dagatai da masu unguwanni da 'yan sintiri su tsare wurin, su hana shiga, har 'yan sanda su iso. Kada a share, kada a wanke. Mai kayan ma ya faɗi abin da ya riga ya taɓa, domin a bambanta zanensa da na baƙo.