Karatun Nas a Makarantar Kuɗi: Me Uba Yake Saye da Miliyoyinsa?

Da zarar an saki sakamakon WAEC da NECO, sai tallan makarantun koyon aikin jinya ya cika gidajen rediyo da zaurukan WhatsApp: fom ya fito, gurabe kaɗan ne, akwai ɗakin kwana, akwai motar kai ɗalibai asibiti. A daidai lokacin ne gidaje da yawa suke shiga shawara mai nauyi. Yarinya ta ci Turanci da Lissafi da darussan kimiyya uku da ake buƙata, ta nemi makarantar gwamnati ba ta samu ba, ta sake nema an ce sai da hanya. Ga kuma makarantar kuɗi ta buɗe ƙofa, sai dai abin da za a biya ya kai a sayar da fili, ko a jinginar da gona, ko uwa ta kwashe adashinta na shekara. Sai ka ji wani a cikin dangi ya ce araha ba ta ado, a rufe ido a biya. Kafin a rufe idon, ya kamata a san abin da ake saye.

Babu makarantar da take ba da lasisin aikin nas a Najeriya, ko ta gwamnati ko ta kuɗi. Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ta ƙasa, wato NMCN, wadda aka kafa da dokar soja ta 1979, ita kaɗai ke da wannan iko. Ita ke shirya jarrabawar da ɗalibai suke kira jarrabawar kansul, kuma tambaya ɗaya ake yi wa kowa. Wadda ta yi karatu a Birnin Kudu ko Malumfashi ko Kafanchan da kuɗi kaɗan, da wadda aka kashe wa miliyoyi a jami'a mai zaman kanta, in sun ci, rajista iri ɗaya za a yi musu. In gwamnati ta ɗauke su aiki, tsarin albashin CONHESS matakin takarda yake dubawa, mai digiri ta fi mai shaidar rajistar nas, wato RN, kawai, amma ba ya tambayar nawa aka biya kuɗin makaranta. Saboda haka tsada ba ta ƙara wa lasisi daraja ko ta sisin kwabo. In tana da amfani, a wani wuri yake.

Wurin farko shi ne gurbi, kuma nan ne aka fi cutar mutane. Kowace makarantar da hukuma ta amince da ita tana da adadin ɗaliban da aka yarda ta ɗauka, gwargwadon malamanta da kayan aikinta da asibitin da take koyarwa a ciki. Waɗannan ne ake kai sunayensu hukuma a ba su lamba, abin da ake kira indeksin. Ɗalibar da ba ta da wannan lamba ba za ta zauna jarrabawar kansul ba, ko da ita ce ta ɗaya a aji. Makarantar da aka ba gurbi ɗari tana iya ɗaukar ɗari uku, ta karɓi kuɗin kowa, sannan bayan wata shida na farko, zangon da aka fi sani da PTS, ta yi jarrabawar tankaɗe ta sallami ragowar. Wasu kuma ba a sallamarsu, ana ta ja musu rai, ana cewa sunansu zai shiga a zubi na gaba, har shekara ta zagayo an sake biya. Makarantun gwamnati ma ba su tsira daga wannan ɗabi'a ba, amma asarar dubbai daban take da asarar miliyoyi. Uban da zai biya yana da haƙƙin ya tambayi shugaban makaranta kai tsaye: gurbi nawa hukuma ta ba ku, ɗalibai nawa kuka ɗauka bara, nawa aka yi wa indeksin, nawa suka ci kansul? In aka fara kwana-kwana, ya riga ya sami amsarsa.

Akwai ma waɗanda ba su da izinin kwata-kwata. A 2022 gwamnatin Kano ta rufe makarantun koyar da aikin lafiya masu zaman kansu har 26 da ta ce suna aiki ba bisa ƙa'ida ba, kuma kowace a cikinsu tana da ɗaliban da iyayensu suka biya kuɗi da zuciya ɗaya. Hukumar NMCN tana wallafa jerin makarantun da ta amince da su a shafinta na intanet, dubawa ba ta cin minti goma. A lura kuma, amincewa hawa-hawa ce. Jami'a tana iya samun izinin hukumar jami'o'i ta NUC alhali sashenta na jinya bai sami na NMCN ba. Kwalejin da ke bin sabon tsarin ND da HND na shekara huɗu, wanda ake shiga ta JAMB, tana buƙatar amincewar hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna tare da ta NMCN. Sannan a bambance nas da ma'aikacin lafiyar al'umma, wato CHEW. Aiki ne mai mutunci, shi ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, amma hukumarsa daban, lasisinsa daban. Da yawa an sa musu farin kaya da hula, iyaye suna ta murna 'yarsu ta zama sista, sai a ƙarshe a gane ba karatun da aka yi niyya aka biya ba.

Wuri na biyu, wanda a ganina ya fi komai nauyi bayan gurbi, shi ne asibiti. Aikin jinya a gefen gado ake koyonsa. Sa layi a jijiyar jaririn da gudawa ta tsotse, gane mai naƙudar da jijjiga ke shirin kamawa, wanke gyambon mai ciwon sukari, juya tsohon da ya shanye don kada bayansa ya ɓare, ba a iya waɗannan a kan mutum-mutumin roba, komai tsadarsa. A nan tsofaffin makarantu suke da fifikon da kuɗi ba ya saye da wuri. Ɗalibin da ke fita fostin, wato koyon aiki, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Shika, ko Asibitin Murtala, yana ganin marasa lafiya a mako ɗaya fiye da yadda wani zai gani a zango guda a ƙaramin asibitin mai makaranta. Wasu makarantun mishan, irin na Wusasa da Kakuri, su ma ba na gwamnati ba ne, amma a jikin asibiti suka girma. Sabuwar makarantar da ta fara da ƙofar gilashi da fenti mai ɗaukar ido, sai a tambaye ta ina ɗalibanta suke kwana a bakin aiki, gado nawa ne a can, kuma makarantu nawa suke rububin wannan asibitin. In ɗalibai talatin suna tsaye a kan mai haihuwa ɗaya, kallo suka zo.

Makarantar kuɗi tana da abin da take bayarwa na gaskiya, kuma bai kamata a raina shi ba: lokaci. A 2022 yajin aikin ASUU ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, ga digirin jinya dama shekara biyar ne, ban da shekarar sanin makamar aiki da ta hidimar ƙasa. Ga 'ya mace a ƙasar Hausa, shekara biyu tana zaune a gida tana jiran gurbi ba ƙaramin abu ba ne, sau da yawa kafin gurbin ya zo an sa rana, maganar karatu kuma ta koma sai yadda hali ya yi. Haka nan makarantar da ke cikin gari, wadda matar aure za ta je ta dawo gidanta, tana iya zama ita kaɗai ce hanyar da miji zai yarda da ita.

Sai lissafi, wanda mutane suke gudu kamar abin kunya. A ɗauka, don misali kawai, ana biyan naira miliyan biyu a shekara. Shekara biyar miliyan goma ke nan, ban da abinci da kayan sawa da kuɗin jarrabawa da ƙarin da ake yi kusan duk shekara. A ɗauka kuma ta fito ta sami aiki nan take, tana iya ware dubu hamsin duk wata. Sai ta yi wata 200, sama da shekara 16, kafin kuɗin ya dawo. Samun aikin nan take ma ba tabbas ba ne: asibitoci suna kukan ƙarancin ma'aikata, amma jihohi ba sa ɗauka yadda ya kamata, asibitocin kuɗi da yawa kuma abin da suke biya bai taka kara ya karya ba. Ƙungiyar nas-nas ta ƙasa da kanta ta shiga yajin aikin gargaɗi a 2025 a kan alawus da ƙarancin ma'aikata. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 kuwa ɗaliban makarantun gwamnati kawai ya shafa.

Wasu za su ce ai waje za ta tafi, albashin wata biyu ya mayar da komai. Ana tafiya kam: a Fabrairun 2024 magatakardan NMCN na lokacin, Faruk Abubakar, ya ce nas-nas sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Amma a wannan watan ne hukumar ta fitar da sharaɗin sai an yi aiki shekara biyu kafin ta tantance wa mai son fita takardunsa, har nas-nas suka yi zanga-zanga a Abuja da Legas. Ingila tana buƙatar jarrabawar Turanci da wasu biyu na aikin, Amurka tana da tata, Saudiyya ma haka, kowace da kuɗinta na waje, kuma dokokin biza suna canzawa ba tare da an shawarci kowa ba. Duk cikinsu rajistar NMCN ake fara tambaya. Wanda kuma ya tsallaka iyaka ya yi karatun a Nijar ko Sudan ko Masar, in ya dawo sai ya bi matakan hukumar ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa mara lafiya. Tun bayan da ɗan jarida Umar Audu ya bankaɗo yadda ya sami digiri cikin mako shida a Kwatano, gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024, aka kuma ƙara sa ido a kan duk takardar da ta shigo daga waje.

Ra'ayina shi ne, wanda zai biya daga rararsa, ya tabbatar da gurbi da asibiti mai cike da marasa lafiya, bai yi asara ba, ya sayi shekaru. Wanda kuwa sai ya sayar da gonar da gida ke ci daga cikinta, ko ya ci bashi mai ruwa, ko ya tsayar da karatun ƙanne uku saboda mutum ɗaya, ban ga ribar ba. Balle in kuɗin shekarar farko kawai ke hannu, domin ɗalibar da aka kora a aji uku saboda bashi ba ta da takardar da za ta nuna wa kowa. Irin wannan gida gara ya nemi kwalejojin jiha uku ko huɗu a lokaci guda, har da na maƙwabta, ya kuma leƙa sakatariyar ƙaramar hukuma, domin akwai shirin ungozomar al'umma na shekara biyu da ake ɗaukar 'yan yanki su koma su yi wa garinsu aiki. Mai shaidar RN kuma hanyar digiri a buɗe take gare ta: tana iya shiga jami'a daga aji biyu, ko ta yi a Jami'ar Karatu daga Gida ta NOUN tana aiki tana biya daga albashinta.