ALGUS A TSEREN KEKE DA AKIBAR MASU YINSA

Mutanen Shema da Dutsin-Ma da Kurfi ba baƙin keke ba ne. Tun zamanin Raleigh shi ne jakin talaka: mai hatsi ya ɗaura masa buhu ya nufi kasuwa, mai kananzir ya rataya masa jarka, malami ya hau shi ya je ta'aziyya ƙauye ya komo kafin la'asar. Amma a ƙasashen Turai akwai waɗansu mutane da ba su da wata sana'a sai tseren keke. Da shi su ke ci, da shi su ke sha, wanda ya yi fice kuwa ya kan tara dukiyar da babban attajiri zai yi sha'awa. To, inda kuɗi ya taru, nan algus ya kan biyo baya, kamar yadda ƙuda ke bin tsire.

Babban tseren duka shi ne wanda a ke kira Tour de France, a ƙasar Faransa. An fara shi a 1903. A kan yi shi a watan Yuli, mako uku, zango 21, tafiyar da ta kai wajen kilomita 3,500. Wato kullum mutum ya yi kusan tafiyar Katsina zuwa Kano, gobe ya sake, jibi ya sake, wani zangon kuwa hawan dutse ne tun safe har yamma. Wanda ke gaba a kan sa masa riga ruwan ɗorawa domin a san shi. Wahalar ta fi ƙarfin jikin ɗan Adam in ba da horo mai tsanani ba, saboda haka tun da wuri waɗansu suka shiga neman abin da za su sha ya ɗauke musu gajiya.

Ran 13 ga Yuli 1967, wani Bature ɗan Ingila mai suna Tom Simpson yana hawan dutsen Ventoux cikin zafin rana, sai aka ga kekensa na tangaɗi. Ya faɗi, aka tashe shi, ya ƙara gaba kaɗan ya sake faɗuwa, daga nan bai tashi ba. Shekarunsa 29. Da likitoci suka duba gawarsa, suka sami ƙwayar hana gajiya da a ke kira amfetamin tare da barasa a jikinsa. Ita gajiya gargaɗi ce da jiki ke yi wa mai shi cewa ya isa haka. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, sai dai ta toshe kunnen mutum ya kasa jin gargaɗin, har zuciya ta tsaya.

Bayan haka algus ɗin ya tashi daga ƙwaya ya koma cikin jini. Ga yadda abin ya ke. A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar numfashi daga huhu su kai wa tsoka. Ƙoda ita ke fitar da wani sinadari da ke umurtar ɓargo ya ƙara waɗannan ƙwayoyi. Masana suka haɗa irinsa, suka sa masa suna EPO, domin masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙaranci. Sai masu tsere suka gane cewa lafiyayye in ya yi allurarsa, jininsa zai ɗauki iska fiye da na abokan karawarsa, ya hau dutse ba ya haki. Illarsa kuwa ita ce jini ya yi kauri kamar kunu, zuciya ta wahala wajen tura shi. Waɗansu kuma sai a ɗebi jininsu a ajiye cikin sanyi, in tsere ya yi nisa a mayar musu da shi a ɓoye.

Asirin ya fara tonuwa a watan Yuli 1998, sa'ad da 'yan kwastan na Faransa suka tare wata mota ta ƙungiyar tsere mai suna Festina a kan iyakar Beljiyam, suka same ta cike da kwalaben allura. Aka kori ƙungiyar daga tseren wannan shekara. Abin kunyar nan shi ya sa a 1999 aka kafa hukumar duniya ta hana shan ƙwaya a wasanni, wadda a ke kira WADA. Wanda ya ci tseren 1998, Marco Pantani na Italiya, shi ma bai daɗe ba. A 1999 yana kan gaba a tseren ƙasarsu, saura kwana biyu a gama, aka auna jininsa aka ga kaurinsa ya wuce haddin da aka yanka, aka fitar da shi. Bai sake komawa daidai ba. A 2004 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani masauki, hodar iblis ta kashe shi yana da shekara 34.

Amma babu labarin da ya kai na Lance Armstrong, mutumin Amurka. A 1996 ciwon daji ya kama shi har ya kai huhu da ƙwaƙwalwa, ya warke, ya komo ya ci Tour de France sau bakwai a jere, daga 1999 zuwa 2005, abin da ba wanda ya taɓa yi. Marasa lafiya a duniya suka riƙe shi abin koyi, kamfanoni suka yi ta zuba masa kuɗi. Duk wanda ya ce yana algus sai ya ƙaryata shi, waɗansu ma ya kai su kotu. Wani ɗan tsere Bafaranshe, Christophe Bassons, wanda ya ƙi allura kuma ya faɗi gaskiya a fili, abokan sana'arsa suka ƙaurace masa har ya bar tseren 1999 tun ba a gama ba.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. A 2010 tsohon yaronsa Floyd Landis, wanda shi ma an ƙwace masa nasarar 2006 saboda algus, ya buɗe baki. Hukumar Amurka mai wannan aiki ta tara shaidu, a cikinsu har da mutum 11 da suka yi tsere a ƙungiya ɗaya da shi. A 2012 aka hana shi tsere har ƙarshen ransa, aka soke nasarorin nan bakwai. Ba a ba wa na biyu ba, domin akasarin waɗanda suka biyo shi su ma da guntun kashi a gindinsu. Har yau in an duba jerin waɗanda suka ci tseren, shekarun nan bakwai fili ne babu suna. Kamfanoni suka janye, aka karɓe lambar tagulla da ya samu a wasannin Olamfik na 2000. A watan Janairu 2013 ya amsa laifinsa da bakinsa a talabijin, a 2018 kuma ya biya gwamnatin Amurka dala miliyan 5 domin a kashe shari'ar da ke kansa.

Yanzu kowane babban ɗan tsere yana da littafin jini, wanda aka fara a 2008. A kan auna shi lokaci lokaci a rubuta, in an ga jinin ya canja ba dalili, sai a tuhume shi ko da ba a ga maganin ba.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne, ba ruwan ƙasar Hausa. A 2019 hukumar tseren keke ta duniya ta hana shan tiramol a lokacin tsere, domin yana kawo jiri da gyangyaɗi, mutum ya faɗi ya kayar da na bayansa. A 2022 aka sami tiramol a jinin Nairo Quintana, mutumin Kwalambiya, aka soke masa matsayi na shida da ya samu a Tour de France. Wannan ƙwaya ita ce dai wadda samari ke sha a nan: ɗan dako domin ya ƙara buhu, ɗan ƙwadago domin ya gama kunyar noma kafin abokinsa. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2018 tare da Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta mutum miliyan 4.6 masu shan irin waɗannan magunguna ba da umurnin likita ba. Ƙarshenta kuwa sananne ne: jiki ya saba har ya kasa aiki sai da ita, sa'an nan farfaɗiya, sa'an nan kuɗin da aka sha ta domin a samu su ƙare wajen sayenta.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin wannan al'amari. Wanda ya zuba wa nono ruwa ko ya buga gindin mudu ya kan ci riba kasuwa ɗaya ko biyu, amma ran da aka gane shi ya rasa abin da ya fi riba, wato amana, kuma ya jawo wa masu gaskiya na layinsa zargi. Haka masu tsere suka yi: har yau wanda ya yi fice da guminsa sai an dube shi da ido biyu. Saboda haka ya kamata uban gida ya lura da yaron da ke aikin mutum uku ba ya gajiya, ya tambaye shi abin da ya ke sha maimakon ya yi ta yabonsa. Malamai kuma su ja kunnen almajirai masu fita neman ƙwadago. Gajiya ba aibu ba ce, maganinta hutu da abinci. Allah Ya ba mu lafiya da halal, Ya tsare mana zuriya, amin.