Wutar Daji Da Inda Ya Kamata A Girke 'Yan Kwana-Kwana A Ƙasar Dutse

Maganar yau a kan wutar daji take, da wurin da ya dace a ajiye kayan kashe ta.

Idan kaka ta wuce, hunturu ya kama daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ciyawa takan bushe ƙayau, iska kuwa ta taso daga arewa maso gabas. A sa'an nan ne dawa da gero da riɗi suke jibge a gona ko a rumbu, harawa tana bisa itatuwa. Mafarauci ya cinna wa ramin gafiya wuta, ko mai cin zuma ya yar da bakin wuta, kafin a ankara wahalar damina guda ta zama toka. Hasarar ba ta manomi kaɗai ba ce. Falken da ya ba da kuɗin riɗi tun yana gona ya shiga uku, haka kuma malamin da ya kafa bukkokin almajirai na zana a bayan gari, suna hura karan dawa domin karatun dare.

Tun ranar 27 ga Agusta 1991, da aka cire Jigawa daga Kano, Dutse ta zama babban birni, ofisoshin hukuma suka taru a cikinta. Amma jihar tana da ƙananan hukumomi 27, wuta kuwa ba ta duban girman gari. Motar da ta tashi daga Dutse za ta ƙauyukan Gwaram, sau da yawa toka za ta tarar. Madugu mai hankali ba ya tara masu tsaro a zango, sai ya rarraba su inda ake tsoron 'yan fashi. Haka ya kamata a yi da 'yan kwana-kwana.

Ma'auni huɗu ne ake auna kowane wuri da su. Na fari, abincin wuta. Kudu, wajen Birnin Kudu da Gwaram, ruwan sama ya fi yawa, saboda haka ciyawa ta fi tsawo da kauri, wutarta kuma ta fi ƙarfi. Na biyu, dukiyar da ke wurin: kasuwannin hatsi irin su Shuwarin da Sara, inda buhuna da rumfunan kara suke manne da juna. Na uku, ruwa. Ƙasar Jahun da Miga tana da fadama, amma garin da ke kan jigawa, in tankin mota ya ƙare, sai an yi tafiya mai nisa kafin a cika shi. Na huɗu, hanya, gama mota mai nauyi takan kafe cikin rairayi.

Sanin inda wuta ta saba tashi ba shi da wuya yanzu. Tun shekarar 2000 taurarin ɗan'adam na hukumar NASA ta Amurka suke ɗaukar alamar gobara a bayan ƙasa kowace rana, kowa kuma yana iya dubawa kyauta. In aka gama wannan da abin da dagatai da masu unguwa da Fulanin ruga suka sani, sai a zana taswira, a raba ƙasa kashi uku: mai haɗari ƙwarai, matsakaiciya, da mai sauƙi.

A sa manyan hanyoyi cikin lissafin, domin gobara mai girma tana aukuwa nesa da birni. Ranar 15 ga Oktoba 2024 tankar mai ta kama wuta a Majiya, ƙasar Taura, kan hanyar Kano zuwa Haɗeja, mutum fiye da 150 suka rasu. Allah ya jiƙansu.

To, abin yi shi ne, manyan motoci su zauna a mararrabar hanyoyi da garuruwan kasuwa, kowace da rijiyar burtsatse a kusa. Wurare masu haɗari ƙwarai a ƙara musu ƙananan motoci masu ratsa rairayi, daga kaka har faɗuwar ruwa. Kowane ƙauye kuma ya keɓe samari da fartanya da shebur da bokiti, da lambar wayar da za a kira. Kafin hunturu a share fili mai faɗi kewaye da rumbuna da tsangayu, musamman ta gefen da iska ke fitowa. A zamanin En'e malaman daji sukan ƙone gefen gandun daji da wuri, tun ciyawa tana da sauran danshi, domin wutar rani ta rasa abin ci. Dabarar nan tana da amfani har yau.

Malaman fiƙihu sun tabbatar da cewa tunkuɗe ɓarna ake gabatarwa bisa jawo amfani. Saboda haka ya kamata sarakunan kasuwa da limamai su kai wannan magana gaban hakimai da majalisun ƙananan hukumomi tun ciyawa ba ta bushe ba. Wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta, sai ya shafa wa nasa ruwa.

Allah ya tsare jama'a da dukiyarsu. Wassalam.