Numfashi Linzamin Zuciya: Taimako ga Jikin da Ya Firgita



Kwanakin baya mun ziyarci wata makarantar yaƙi da jahilci a wani ƙauye kudu da Maraɗi. Ana cikin darasin lissafi bayan la'asar sai wani babur ya wuce bayan zana, ya yi wata ƙara kamar harbin bindiga. Wani magidanci da ke zaune gaba ya saki alli, ya miƙe zumbur. Kowa ya ga ɗan kabu-kabu ne, shi ma ya gani. Amma hannunsa bai daina rawa ba har aka tashi. Malamin makarantar ya shaida mana cewa shekara 2 ke nan da ƴan bindiga suka shiga garinsu da dare bisa babura, suka kore shanu, suka tafi da ƙanensa. Ƙanen ya dawo gida. Barcin magidancin ne bai dawo ba.

Irin wannan bawan Allah suna da yawa cikin ƙasarmu. Tun watan Fabrairu na 2015, da Boko Haram ta kai hari Boso da Difa, mutanen gabas suka san gudun hijira. Daga 2019 dubban mutanen Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako iyaka zuwa jahar Maraɗi, musamman wajen Gidan Runji, suna gudun ƴan bindiga. Ranar 21 ga Maris na 2021 aka kashe mutum 137 a ƙauyukan Tiliya cikin jahar Tawa. Ambaliyar daminar 2024 kuma ta rusa gidaje bisa masu barci. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta bayyana cewa a wuraren da ake tashin hankali, wajen mutum 1 cikin 5 yana fama da wata damuwa ta rai: baƙin ciki mai nauyi, ko fargaba, ko ciwon firgita, ko abin da ya fi haka.

Abin da ke faruwa cikin jiki

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Likitoci sun bincika dalilin haka. Cikin jikinmu akwai jijiyoyi masu aiki ba da umarninmu ba. Su ke tafiyar da bugun zuciya, da narkar da tuwo, da zufa. Kashi biyu ne. Kashi na farko na tashi ne. In haɗari ya zo, su ke sa wasu ƴan tsoka biyu da ke bisa ƙoda su zuba wani ruwa cikin jini, sunansa adirenalin. Nan take zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarce, baki ya bushe, jini ya tafi ƙafa da hannu don mutum ya gudu ko ya kare kansa. Wannan rahama ce, da ita mutane da yawa suka tsira. Kashi na biyu na kwanciya ne. In haɗari ya wuce, su ke rage gudun zuciya, su maido da yunwa da barci. Babbar cikinsu wata doguwar jijiya ce da ta taso daga gindin ƙwaƙwalwa, ta bi wuya, ta ratsa zuciya da huhu, ta sauka har ciki da hanji.

Ga mafi yawan mutane, bayan kwanaki ko makonni jiki yakan koma daidai da kansa. Ga waɗansu kuwa jijiyoyin tashi ba su sauka. Haɗari ya wuce, jiki bai samu labari ba. Sai mugun mafarki, sai zabura da ƙaramin motsi, sai faɗa da iyali bisa abin da bai kai ya kawo ba. Wani ya daina bin hanyar gonarsa domin nan abin ya same shi. In haka ta wuce wata guda, likitoci suna ɗaukar ta ciwo mai suna, mai magani. Kada mu ce da mai shi rago. Kada mu ce imaninsa ne ya yi rauni. Mun ga malamai masu tsoron Allah da abin ya kama, mun ga jarumawa.

Kuma abin ya shafi rumbu. Wanda bai yi barci ba, ba ya iya riƙon hauya har azahar, damina kuwa ba ta jiran kowa.

To ina za a kama? Ba wanda ke iya ce wa zuciyarsa ta rage gudu ta ji. Ba wanda ke iya umartar zufa ta tsaya. Numfashi kaɗai ne ke tafiya da kansa kuma yana karɓar umarninmu. Ga abin da aka gano: duk lokacin da muka ja iska, zuciya takan ɗan ƙara sauri, duk lokacin da muka sake ta, waccan doguwar jijiya takan ɗan rage mata gudu. Ke nan in mutum ya tsawaita sakin iska, ya ba jijiyoyin kwanciya dama su yi aikinsu. Kamar dokin da ya firgita ne. Bulala ba ta tsayar da shi, sai jan linzami a hankali.

Daga Indiya zuwa gidan likita

Mutanen Indiya sun daɗe da sanin wannan. Tun zamanin da suna da wata hanya ta miƙa jiki da tsara numfashi wadda suke kira yoga. A watan Disamba na 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni ta kowace shekara. Ba za mu ɓoye muku ba: a asalinta yoga tana haɗe da addinin mutanen can da ibadarsu, kuma mun san wannan zai sa waɗansu su ja da baya. Suna da haƙƙin tambaya. Abin da likitoci suka ɗauko daga cikinta motsin gaɓoɓi ne da numfashi, babu kiran sunan kowa, babu rusuna wa komai. Shi kaɗai muke kawo muku. Wanda ya yi shakka ya tambayi malaminsa. Mu dai mun lura natsuwa ba baƙuwa ba ce gare mu, tun da tana cikin farillan salla, kuma an hore mu kada mu yi ruku'u da sujada kamar kaza na tsattsagar hatsi.

A Amurka, kusa da birnin Boston, wani likita mai suna Bessel van der Kolk da wani malamin yoga mai suna David Emerson suka tsara wata yoga mai sauƙi domin waɗanda aka zalunta. A 2014 aka buga sakamakon gwajinsu. Mata 64 ne masu ciwon firgita na shekaru, waɗanda magani bai yi musu ba. Aka raba su biyu. Rabi suka yi yoga awa 1 kowane mako har mako 10, rabi kuma aka yi musu darasin kiwon lafiya. A ƙarshe, cikin mata 31 da suka yi yoga, 16 alamun ciwonsu sun ragu har ba a lissafa su cikin masu ciwon. Cikin 29 na ɗaya ɓangaren, 6 ne kawai. Gwajin ƙarami ne, kuma kusan rabin matan ba su warke ba. Don haka ba mu ce maganin komai ba ne. Har yanzu babban maganin wannan ciwo shi ne zama da ma'aikacin lafiya wanda ya koyi aikin. Amma OMS da kanta, cikin wani tsari na zama 5 da ta fitar a 2016, wanda aka gwada a Pakistan da Kenya, numfashi a hankali shi ne abin farko da ake koya wa mai damuwa. Kuma masu koyarwar ba likitoci ba ne, mutanen gari ne da aka horar.

Yadda ake yi

A samu wuri inda rai ya kwanta: cikin ɗaki, ko gindin gawo lokacin hutun noma. A zauna bisa tabarma ko kujera, a jingina baya in ana so. Kafin komai a ji ƙasa. A danna tafin ƙafa, a ji taurinta ko sanyinta. A duba kewaye, a kira sunan abu 3 da ido ke gani: ga randa, ga turmi, ga akuya. Wannan yana tuna wa jiki cewa yau ce, ba wancan dare ba.

Sa'an nan a ɗora hannu bisa ciki. A ja iska ta hanci ana ƙirga 1 zuwa 4, a bar ciki ya taso kamar salka ana cika ta. A sake ta a hankali ana ƙirga 1 zuwa 6, kamar mai hura koko mai zafi. Baligi da ke zaune yakan yi numfashi 12 zuwa 20 cikin minti guda. Da wannan ƙirga zai sauko wajen 6. Ba a cika huhu har ya ƙure, ba a riƙe numfashi. In 4 da 6 sun yi tsawo, a fara da 3 da 4. Minti 5 da safe, minti 5 kafin barci ya isa.

Muhimmin abu shi ne a koya lokacin da hankali ke kwance. Ba ranar tafiya ake koya wa doki linzami ba. Wanda ya saba kullum, ranar da zuciya ta tashi hannunsa zai tafi bisa ciki da kansa.

Motsin jiki kuwa kaɗan ne. A ɗaga kafaɗu zuwa kunne tare da jan iska, a sake su tare da sakinta. A juya wuya dama da hagu sannu sannu. A ɗaga hannuwa sama, a sauke. Mai iyawa ya durƙusa bisa gwiwa da tafin hannu, ya gantsare baya sa'an nan ya tanƙwara shi, yadda kyanwa ke miƙa in ta tashi barci. Masu daka da masu noma za su ji daɗin wannan a ƙugu. In wuri ya yi zafi, a tsaya.

Ga wani abu da Emerson da abokan aikinsa suka nace a kai, mu ma muna ganin shi ne ginshiƙi. Wanda aka ɗaure, ko aka yi wa fyaɗe, ko aka tsare shi da bindiga, abin da aka ƙwace masa shi ne iko da jikinsa. Saboda haka mai koyarwa ba ya ba da umarni kamar soja. Yana cewa: «In kana so, ɗaga hannu. In kin ga dama, ki tsaya nan.» Ba ya taɓa kowa don gyara masa zama. Ba ya tsayawa bayan mutum. Ba ya tilasta rufe ido, domin waɗansu da sun rufe ido sai abin ya dawo musu. Akwai ma waɗanda sauraron numfashinsu ke ƙara musu tsoro. Irin waɗannan su bar ƙirga, su tsaya ga motsi da duban kewaye. Kuma ba a ce wa kowa ya ba da labarin abin da ya same shi. Mata su koya wa mata, cikin gida.

Inda numfashi bai isa ba

In jiri ya ɗebi mutum, ko yatsu suka yi tsiyaya kamar tafiyar tururuwa, iska ta yi yawa ke nan; ya koma numfashinsa na kullum. Mai ciki, da mai asma, da mai ciwon zuciya su tambayi majo kafin su fara motsin. Mu sani kuma ba kowane bugun zuciya ne firgita ba. Ƙarancin jini yana kawo shi, zazzaɓin cizon sauro ma haka. Wanda ke tari fiye da mako 2 gwajin majina yake buƙata.

Muna jan kunne ƙwarai game da ƙwayoyin da ake sayarwa bisa faranti a kasuwa da tasha. Mun ga samari da magidanta da suka fara shan tramol ko ƙwayar barci don su manta, yau ba su iya wuni ba tare da ita ba. Tun 2013 OMS ta gargaɗi likitoci kada su ba da ƙwayoyin barci irin su diyazefam ga wanda bai daɗe da shiga firgita ba. In likita ya yi hattara da ita, ina ga mai faranti?

Wanda ya wuce wata guda ba barci, ko ya kasa aiki, ko ya fara dukan iyalinsa, a raka shi gidan likita na CSI mafi kusa. Majo zai duba shi, in ya cancanta ya tura shi gaba. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen masu wannan aiki, wanda ake kira Pabiyon E. Wanda kuwa ya ce ya gaji da rai, ko yana tunanin halaka kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe.

A waccan makaranta mun roƙi malamin ya riƙa buɗe darasi da minti 5 na numfashi, ga duk mai so, ba tare da ya nuna kowa da yatsa ba. Mun kuma ce ya bar magidancin ya zaɓi wurin zamansa. Ya zaɓi gefen zana, inda yake hangen hanya. Da muka koma bayan girbi, an ce har yanzu yana zabura in babur ya wuce, amma yakan koma ya zauna, ya ɗora hannu bisa ciki, ya ɗauki allinsa. Ya kai darasin rabawa.